Ranar da Na Fi Amarya Kuka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, da yammacin da za a kai 'yata Zainab ɗakin miji.

A lokacin ina karɓar allurar kansar mafitsara, irin wadda ake yi a fatar ciki don ta rage sinadarin maza. Likita bai ɓoye min komai ba: zafi zai riƙa taso min ba sallama, zan yi teɓa, zuciyata kuma za ta yi rauni. Na ce masa ni ko a jana'izar mahaifina ba a ga hawayena ba. (Murmushi kawai ya yi, ashe tausayina yake ji.) Na gargaɗi matata, Hajiya Bilki, kada yara su ji, musamman Zainab, don kada in ɓata mata biki.

Ranar na ci ado, shadda mai sitaci, 'yar ciki da babbar riga. Bayan la'asar aka kawo amarya falona a nan Nassarawa in yi mata nasiha, ga gwaggwannin ango daga Hotoro sun cika kafet. Kowa ya san tsarin: amarya ta yi kuka, uba ya daure.

Na gyara murya na ce, "Zainabu, aure ɗan haƙuri ne..." Sai zafin nan ya taso daga ƙirji har ƙeya, kamar an buɗe tukunyar tuwo a fuskata. Na'urar sanyi na aiki, ni kuwa gumi na ɗiga ta gemu. Na kalli lallen hannunta, na tuna ranar da na fara kai ta firamare, kawai na fashe da kuka. Wallahi ba kukan manya ba, mai shessheƙa har da majina.

Amarya ta ajiye nata kukan, ta yaye mayafi. "Abba, lafiya?"

Wata tsohuwa cikin dangin ango ta matso tana yi min fifita da gefen gyalenta. "Sannu Alhaji. Wannan zufar na san ta, na sha ta lokacin da al'ada ta ɗauke min. Amma a jikin namiji, yau na fara gani."

Wasu suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa saboda dariya. Na kalli Hajiya ko za ta cece ni, sai ta ce, "Ka faɗa musu, ko ni in faɗa."

Na faɗa. Zainab ta kalle ni ta ce, "Abba, ashe ni da baƙi rana ɗaya za mu ji?" Wannan maganar ta fi allurar zafi, har yau kunyarta nake ji.

Yanzu na sallami sitaci, riga marar nauyi nake sawa, da ɗan tawul a aljihu, duk wanda ya tambaya kuma in gaya masa. Na gane cewa ciwon da ka ɓoye wa 'ya'yanka shi zai sanar da su da kansa, kuma sai ya jira gida ya cika da surukai.