Ƙwayar Inna da Jawabin Kumandan

Zamanin mulkin soja, lokotoro, wato likita, ya rubuta wa Inna kulorokin don sanyin ƙashi, ya ce sai ta yi watanni tana sha. Ta ƙi. "Maganin masassara ne wannan, ni gaɓoɓi ke damuna."

Ni da nake mushen lakwal, wato malamin makaranta? Na rantse sai ta sha. Na haɗiye ƙwaya biyu a gabanta. "Kin gani, Inna? Ba komai."

Washegari ni ke karanta jawabin tarbar sabon kumandan a Gaya. Ƙaiƙayin maganin ya taso mini daga tafin ƙafa. Na dage, ina karatu ina susa, har ƙarshe. Kumandan ya ce, "Mushe, ƙwarƙwata ce?"

Inna ta sha, ta samu sauƙi, ko susa ba ta yi ba. Har yau in na gaishe ta sai ta ce, "Ba komai, ko?"