Haƙorin Makka daga Kamfanin Gyaɗa

Ana dab da samun 'yancin kai, kamfanin gyaɗar da nake yi wa awo a Damagaram ya yi shela: duk ma'aikacin da haƙori ya dama, kamfani zai biya likita. Abokan aikina tsoro ya hana su zuwa. Ni kuwa sai na hango haƙorin zinariya irin na alhazai, ba tare da na taka Makka ba.

Na sa babbar riga, na zaga Birni ina ba jama'a labari. Na nuna wa likitan Nasara haƙorina na gaba, lafiyarsa ƙalau, na yi ta nishin ƙarya har ya cire shi. Ko gezau ban yi ba.

Na ce wa tafinta, "To, a kawo na zinariyar."

Ya ce, "Malam, ai cirewa kaɗai kamfani ke biya."

A gida matata ta daɗe tana kallon bakina, ta ce, "Barka da sauka, Alhaji."

Duk da haka, a kamfanin nan kaf ni kaɗai na ci moriyar Nasara. Har yau in na yi dariya, jikokina cewa suke, "Alhaji, rufe ƙofar Makka, iska na shiga."