Ranar da Aka Sha Kisra a Kofi

Shekarar da yaƙi ya koro mutane zuwa ƙauyenmu kusa da Suki a Sudan, mu mata muka buɗe takiyya, muna dafa musu abinci sadaka. Da bakina na roƙi a bar mini kisra, gurasar nan tamu marar kauri. Macen da ta tsufa a tuƙin tuwo, shafa ƙullu a kan doka, wato faifan ƙarfen gashi, shi ne zai gagare ta?

Hajja Zainaba, shugabarmu, ta ɗaga ta farkon da na gasa ta jinjina.

“Ɗiyata, wannan kisra ce ko tabarma? Rage kauri. Gari ya yi wuya tunda aka rufe hanya.”

Na yi murmushi na ce, “Allah ya saka da alheri, Inna.” Mata suka yi ta yaba haƙurina. A raina kuwa na ɗaura ɗamara: gobe sai ta hango rana ta cikin kisrata.

Da safe na riga kowa zuwa, na tuttula ruwa a ƙullun, baho guda, ban shawarci kowa ba. Ina zubawa a doka ya gangara cikin wuta. Ga yara da tsofaffi sun yi layi da kwanoninsu, ga shi babu sauran gari. Idona ya cika da ƙwalla.

Hajja ta leƙa bahon. “La'ilaha illallahu! Kauri na ce ki rage, ban ce ki jawo mana kogi ba!”

Ta sa aka juye a tukunya aka dama kunu. Kowa ya sha, alhamdulillahi.

Har yau in na nufi doka sai wata ta ɗaga murya: “Jama'a, a wanke kofuna, gwana za ta yi kisra!”