Gajere, Sauko Daga Taga

Jama'a, ku taya ni jaje. Ranar da Maman yara za ta taron bita a kan haƙƙin mallaka, ranar babur ɗina ya ga damar shanye ɗan man da na wuni a layi kafin in samu. Ya mace mana a tsakiyar titi. Ni ina turi, ita tana biye da jaka a hammata tana karanto mini laifuffukana tun daga na bara. Da muka isa otal ɗin da ake taron na jiƙe sharkaf, mai gadi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ma malami ne?" Na ce a'a, tela ne, amma malama nake aure. Ya ce ai wahalar ɗaya ce, in shiga.

Ba son taro ne ya kai ni ba, bari ku ji. Maman yara malamar firamare ce. Shekarun baya ta ga lissafin sau ya gagari 'yan ajinta, sai ta ƙago musu waƙa, tun daga biyu sau biyu har sama. A gabana aka haifi waƙar nan, a kicin, tana kaɗa cokali a murfin tukunya, ni ina kan keken ɗinki ina roƙon a rage mana sauti. Waƙa kuwa ta karɓu. Yaron da bai san hagunsa ba sai ka ji yana rattabo takwas sau tara yana rangaji.

Wata rana Mai Girma Babban Mai Duba Masu Dubawa ya kai musu ziyarar ba-zata, wadda aka sanar da su tun ana saura mako. Ya tsaya a bayan aji ya ɗauki waƙar kaf a wayarsa, ya jinjina kai, ya ce za a ji daga gare shi.

An kuwa ji. Bana sai ga littafi mai sheƙi an raba wa makarantu, hoton Mai Girma a bango ya tallabe haɓa da alƙalami a hannu, waƙar Maman yara a ciki daga farko har ƙarshe. Sunanta ko a gindin shafi babu. A shafin farko kuma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a yarda kowa ya kwafa ko ya rera a bainar jama'a ba sai da rubutaccen izinin mawallafi. Hedimastansu, bawan Allah mai tsoron duk abin da aka buga wa hatimi, ya kira ta ofis ya ce, "Malama, ki ɗan dakatar da waƙar nan har ki nemi izini." Ta dawo gida ranar ko mayafi ba ta cire ba ta zauna bakin gado. Na yi shekaru da matar nan, na ga fushinta iri-iri, amma ban taɓa ganin abu ya karya ta haka ba, kuma wallahi ya yi mini ciwo.

To mu koma otal. An ce ƙarfe tara, manya suka iso bayan azahar, saboda darajar babba tana cikin jiran da aka yi masa. Aka gabatar da Mai Girma Shugaban Kwamitin Kafa Kwamitoci, aka gabatar da wakilin wanda ya aiko wakili, kowa ya yi jawabin da ya ce ba zai tsawaita ba. Aka raba takardun bita. Allah ya saka musu, sun yi ƙoƙari: littafin wani suka kwafe sukutum, kuma don kada sunan marubucin ya ɗauke wa malamai hankali, mai kwafar ya danne shi da babban yatsa. Yatsan ya fito raɗau a kowane shafi, har da farce.

Mutum ɗaya ce ta yi maganar da na fahimta, wata lauya da aka ba ta lasifika lokacin da aka fara raba lemo. Ta ce wanda ya ƙirƙiri abu shi ne mai shi. Ta ce malami kan iya ɗaukar ɗan yanki daga aikin wani don ya koyar a aji, amma ya faɗi sunan mai aikin, kada kuma ya kwashe duka ya maida nasa. Na ce a raina ashe dokar ma ta san abin da kowane tela ya sani: ka ga ɗinkin wani ka koyi yanka, ba laifi, amma ba ka cire masa lamba a wuyan riga ka liƙa taka.

Sannan Mai Girma marubuci, mai hoto a bangon littafin waƙar, ya miƙe. Ya ba da labarin yadda ya hana idonsa barci yana tsara waƙar, har muryarsa na rawa. Ya ja kunnen malamai a kan satar fasaha, ya ce ita ce ta hana mu ci gaba. Da aka ce akwai mai tambaya, sai na ga hannun Maman yara ya tashi.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, cikin ladabin da ni ban taɓa samun irinsa ba, "a baitin bakwai an rubuta, bakwai sau bakwai arba'in da tara, kai Gajere sauko daga taga. Yara suna tambayata ma'anarsa."

Ga abin da ya faru, masu karatu. Ranar da aka ɗauki waƙar, wani ɗan ajinta da ake kira Gajere ya ɗare taga yana leƙen motar baƙi. Ita kuma malamar ƙwarai ba ta tsayar da waƙa don yaro ɗaya, sai ta tsawata masa a cikin kiɗan ta wuce. Mai buga wa Mai Girma rubutu ya ji a waya ya buga. Mai Girma bai karanta ba, ai shi marubuci ne, ba makaranci ba. Yanzu haka duk makarantar da littafin ya shiga, kullum safe sai an sauko da Gajere daga taga.

Kuna tsammani ya daburce? Haba! Ya gyara babbar riga, ya yi murmushi ya ce, "Madalla da wannan tambaya. Gajere shi ne ɗalibi mai gajeren tunani. Taga kuma ita ce shagala da abin duniya. Na daɗe ina jiran mai zurfin da zai lura." Zaure ya ɗauki tafi. Wani na kusa da ni har yana rubutawa.

Maman yara ta jira tafin ya lafa ta ce, "Allah ya ƙara basira, ranka ya daɗe. Ni dai Gajeren da na sani a ajina ya zauna, layin baya, kuma uwarsa ƙawata ce."

Ba a taɓa rufe taro da addu'a da sauri irin na ranar ba. Amma kafin a watse Mai Girma ya yi alkawari a lasifika cewa za a sake buga littafin, kuma duk mai haƙƙi zai ga haƙƙinsa.

Da na ba maƙwabcina mai faci labari, ya ajiye tayar da ke hannunsa ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ka san Gajeren yanzu ya fi ka tsawo? Aikin sa tagogi yake koya. Jiya ya zo nan yana ƙorafi, wai duk ginin da ya hau, 'yan makaranta sai sun tsaya a ƙasa sun rera masa." Na ce to ka ga, ko shi ya fi matata samun suna a harkar.

Ashe bakina ne ya jawo. Sabon bugu ya iso makon jiya, ya fi na da sheƙi, hoton ma ya ƙara girma. Maman yara ta buɗe shi a tsaye, ta duba gaba, ta duba baya. A shafin godiya ta ga alkawari ya cika: "Godiya ta musamman ga Gajere, bisa gudummawarsa." Ta yi dariya har ta dafa bango, daga nan dariyar ta juye kuka, na tashi na rufe ƙofa don kada yara su gani.

Izini dai har yau ba ta nema ba, ta ce ba za ta roƙi aron abin da ta haifa ba. Washegarin isowar sabon bugun na ji cokali ya koma kan murfin tukunya, wannan karon ban ce a rage sauti ba. Sabuwar waƙa take yi ta rabawa, kuma ta dasa sunanta a tsakiyar kowane baiti, daidai inda in ka cire shi kiɗan zai karye, lissafin ma ya ɓace.

Ni yanzu addu'ata ɗaya, Allah ya kawo Mai Girma wata ziyarar ba-zata. Ina so in ji falsafar da zai ce ya ɓoye a cikin sunan matata. Ko babu mai, da turi zan je.