Likkafanin da Na Saya wa Inna

Ba zan taɓa mantawa da farin yadin da na saya a Sakkwato ba. Ko na so mantawa, Inna ba za ta bari ba.

Lokacin da aka gano Inna na da cutar dajin mama, daga asibitin Yelwa, kusa da garinmu Wara, aka tura mu babban asibiti a Sakkwato. Ni ne babban ɗanta, ni na raka ta.

A wajenmu can Wara, idan mai magani ya ce maka "gwada wurin wane," to sallamarka ya yi cikin ladabi, abu ya gagara. Da wannan tunanin na shiga asibiti.

Likitan tiyata ya cire ƙullutun da ke mamanta. Da wurin ya warke, sai ya tura mu wajen wata likita mai ba da maganin daji ta ƙarin ruwa. Watanni Inna na shan wuya, gashinta ya zube, ko romon kifi ba ta iya sha. Ana gamawa, ita ma likitar ta miƙo takarda, wai mu ga wani mai ƙone ragowar cutar da hasken na'ura.

Likita na uku! Na ce shi ke nan, Inna tafiya za ta yi. Ban tambayi kowa ba (ni da nake ganin kaina wayayye don ina kai busasshen kifi har kudu). Na shiga kasuwa ina share hawaye, na sayi likkafani da kafur, na cusa a ƙasan jaka, kada ta Allah ta kasance a garin mutane.

Washegari likita na ukun ya ce in ba shi takardun hoto. Na jawo su daga jaka, sai yadin ya biyo baya, ya warware har gindin teburinsa.

Inna ta dubi yadin, ta dube ni. "Wanga fa na mi ne?"

"Na riga ne, Inna."

"Riga da kafur ciki? Ɗan nan, har ka auna ni?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Likitan ya danne dariya ya ce, "Malam, ba gudunta muke yi ba. Kowannenmu da nasa aikin, kuma tare muka zauna muka tsara maganinta. Zuwanku wurina yana cikin tsarin."

Inna na nan da ranta, alhamdu lillahi. Yadin kuwa ta kai wa tela ya ɗinka mini riga, duk Sallah sai ta sa na saka, tana nuna ni ga baƙi: "Ku ga likkafanina na yawo."

Yanzu ko mai gyaran babur ne ya tura ni gaba, sai na tambayi dalili kafin in nufi kasuwa.