Ranar da Surukina Ya Jijjiga Kwamfutata

Ko haƙorana sun zube duka, ba zan taɓa mantawa da walimar da na yi wa rumbun kwamfuta ba. E, walima. Wasu ɗa suke yi wa, ni ƙarfe na yi wa.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne. Na ajiye aikin koyarwa na buɗe shagon buga takardu a Gwandu, da wata kwamfutar gwanjo da na tabbata ta girmi kakata. In ka kunna ta, sai ka je ka yi alwala, ka yi salla, ka gaisa da liman, ka dawo ka tarar tana miƙa. Ga cikinta ya cika, ko katin biki ɗaya ba ta iya ƙara ajiyewa. Duk da haka garin nan Injiniya ake kirana (ni ma ban taɓa hana kowa ba).

Mutum ɗaya ne bai yarda da ni ba: surukina, Baba Alhaji na Kalgo, dillalin albasa. Ya riga ya yanke hukunci: in akwatin nan bai nuna amfaninsa ba kafin damina, in rufe shago in koma gonarsa ta Diggi. Ni kuwa da fartanya ko gaisawa ba ma yi.

Sai wani abokina ya kawo mini sabon had-dis daga Legas, wato rumbun da kwamfuta ke zuba ajiyarta. Ɗan ƙarami, sai sheƙi yake, wai zai haɗiye tsohon nawa sau ɗari bai ƙoshi ba. Murna ta hana ni zama. Na zaga gari ina shelar cewa duk takardun jihar Kebbi za su shige ciki, har a bar wa Sakkwato wuri. Na sa mai ɗakina ta dama fura, na sayi goro, na aro janareto, na aika wa Baba goron gayyata. Kuma na ƙi buɗe ledar da ya zo ciki. Ai sabon abu ba a taɓa shi sai manya sun sa albarka.

Ranar ta zo, shago ya cika har waje. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Na ɗauki sukundireba kamar likita zai shiga tiyata, na buɗe cikin tsohuwa, na yage leda.

Nan gumi ya fara. Tsohon rumbun wayoyi biyu masu faɗi ne suka haɗa shi da madabod, babban faifan da komai ke maƙale a jikinsa. Sabon kuwa baki guda tak gare shi, cike da 'yan allurai. Na juya waya, na kifa, na karkata, na yi bisimilla a ɓoye. Ko kusa. Kamar ka ce za ka ɗaura wa jaki takalmin makaranta.

"Injiniya, lahiya dai?" in ji Baba.

"Lafiya lau, Baba, gaisawa suke yi."

Abin da na yi daga nan (Allah ya yafe mini) shi ne na kare akwatin da babbar rigata, na lallaɓa sabon rumbun na kwantar da shi a ciki haka nan, ba waya ba ƙusa, na rufe. Na kunna. Tsohon ya yi tarinsa na kullum, rubutu ya fito.

"Ya hau," na ce, na ɗaga hannu sama.

Aka ɗauki kabbara. Wani ya rantse har ƙarar ta canja. Wani ya ce shi ma ya ga ta ƙara sauri. Ni kaina na fara gaskatawa.

Baba ya miƙe yana murmushi, karo na farko tun da na auri 'yarsa. Abin da na manta shi ne, mutumin nan tun da yake bai taɓa yarda da buhu ba sai ya ɗaga ya jijjiga.

"Bari in ji nauyin ilimin da anka ƙara," ya ce.

Suruki ne, ina ni ina riƙe masa hannu? Ya rungumi akwatin, ya ɗaga, ya jijjiga. Ƙwal. Ƙwal-ƙwal. Ya karkata shi gaba don ya saurara da kyau. Akwai wata kafa a gaban akwatin da murfinta ya ɓace tun a gwanjo. Ta nan rumbuna na Legas ya leƙo, ya sulmiyo, ya yi tsalle ya faɗa ƙwaryar fura.

Janareto kaɗai ke magana.

Baba ya sa ludayi ya tsamo shi, ya duba gaba da baya. "Malam, wanga baƙo naka ko masauki ba a ba shi ba. Ga shi yunwa ta koro shi." Ya miƙo mini. "Diggi akwai wuri. Ka taho da hula mai faɗi."

Damina guda na yi ina tuƙa fartanya, ana kirana Injiniyan Fura. Daga baya na ji ashe wani ɗan kati ake sokawa a madabod ya sada tsoho da sabo, ga shi nan a Sakkwato kamar banza. Na sayo, na koma shago. Rumbun ma ya tashi, sai dai in ya yi zafi yana ƙamshin nono.

Tun daga ranar, duk abin da na saya sai na gwada shi ni kaɗai, ƙofa a rufe, kafin in dama fura. In kuwa Baba zai zo, har kujerar da zai zauna sai na jijjiga.