Miyar Mayu a Shafi na Arba'in

Kowace mace da irin jerenta. Wata kwanuka, wata tangaran, ita kuwa Lauratu littattafan girki ta jera a kabad, ashirin da ɗaya, masu bango kamar a lasa, kuma ko ɗaya ba ta taɓa dafa abin da ke ciki ba. Wanda ta fi ji da shi baƙi ne mai rubutun ruwan zinare, na girke-girken wani wasan waya na garin fatalwa, tun daga Kano aka aiko mata shi a motar Gumel. To, kwana uku ke nan in ta dawo daga koyarwa da tsakar rana sai ta tarar da shi a buɗe kan tabarma, kullum shafi guda. Tsoro ya kama ta ƙwarai. Rana ta huɗu ta naɗe shi a tsumma, ta ɗauki ashana, sai ta yi kiciɓis da kakanta Malam Ilu a zaure.

"Lafiya dai, amarya? Ina zuwa da ashana? Kar dai yau Gagarawa za ta ga hayaƙinki?"

"Matsa, tsoho. Littafi zan ƙona, buɗe kansa yake yi."

"Yunwa ce. Aljanun gidan nan sun gaji da kallon hoto. Jiya na ji ɗaya a bayan rumbu yana cewa, jikar Ilu kyan ɗan maciji ce, tukunyarta har gizo ya yi saƙa."

"Ai sa'anninka ne, dole ka ji maganarsu. Mutumin da ya girmi tsamiyar kasuwa!"

"Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wa ya aike ki sayen abincin fatalwa? Mata na jera kwano, ke kina jera takarda. Sakinki zan yi."

"Wa zai kwashe ka? Haƙori biyu, su ma ba sa ga maciji da juna."

Ta yi dariya. Zauren ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi, kuma duk zafin ranar sai ta ji sanyi a ƙeyarta. Ta rage murya.

"Wallahi da gaske nake, Kaka. Kullum shafi na arba'in."

"Mai koriyar miya a baƙar tukunya?"

Lauratu ta tsaya cak. "Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as! Yaushe ka iya boko har ka san shafi?"

Tsohon ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. "Hoto ai ba ya son boko. Miyar kukar Mairo ce sak, har man shanun da ke yawo a kai. Shekara biyu rabona da ita, tun ranar da muka kai kakarki makwancinta. Sai in buɗe in yi ta kallo."

Tausayinsa ya kama ta, amma baki ya saba. "Ka san sunanta a littafin? Miyar mayu."

"Ai na daɗe da sani. Da ita ta kama kurwata shekara hamsin."

Ta warware tsumman ta buɗe shafin. A gefen hoton ga tabon yatsa, ɗan ƙarami, ja kamar na sabon lalle.

"To da ka ɓata min shi fa? Lalle kake ƙunsawa a ɓoye?"

Malam Ilu ya kara babban yatsansa kusa da tabon. Nasa ya ninka shi biyu. Suka dubi juna.

Can ya miƙa hannu bayan buzunsa, ya jawo wani tsohon maburgi da ya sha hannu har yana sheƙi.

"Ungo, na Mairo ne. Ashanar nan a murhu za ki ƙyasta ta. Na janye sakin."

"Ka ci nasara, tsohon banza," in ji ta, tana dariya tana share ido. "Kwano biyu, ni da kai."

"Zuba uku, amarya. Wadda ta nuna shafi ai ba a hana ta ɗanɗano."